Ƙwarin da Muke Kwana Muke Tashi da Su: Tambayoyi da Amsoshi

Mutum zai shekara hamsin yana korar ƙuda daga fuskarsa, bai taɓa tsayawa ya tambayi abin da ya sa yake murza hannuwa ba. Na daɗe ina tattara tambayoyin da yara da manya ke yi a kan waɗannan ƙananan halittu, kuma abin da ya fi damuna shi ne kuɗin goron da muke yi musu: duk abin da ya motsa a bango, a take shi. Kaɗan ne daga cikinsu ke cutar da mu, su ma ɗin ba a cin galabarsu sai an san yadda suke rayuwa.

Gizo-gizo da kunama su ma ƙwari ne?

A bakinmu, duk ƙaramin abu mai rarrafe ko tashi ƙwaro ne, kuma babu laifi a hakan. Masana ne suka ja layi. A wurinsu ƙwaro na asali yana da ƙafa shida, jikinsa kashi uku (kai, ƙirji, ciki), da wasu siraran ƙahonni biyu a ka waɗanda yake shinshina da lalube da su. Gizo-gizo, kunama da kaska ƙafa takwas gare su, dangi ne daban. Shanshani ƙafa biyu yake da su a kowace gaɓa, mafarauci ne mai dafi. Ƙadandoniya huɗu a kowace gaɓa, ruɓaɓɓen ganye kawai take ci, in an taɓa ta sai ta nannaɗe. Dukkansu ƙashinsu a waje yake kamar sulke, shi ya sa ba sa girma sai sun yi saɓa. An sa wa nau'in ƙwari wajen miliyan 1 suna, wato fiye da rabin duk dabbobin da aka sani, kuma kusan 400,000 daga ciki dangin buzuzu ne masu taurin baya.

Ƙazanta ce ke rikiɗewa ta zama tsutsa?

Haka mutanen duniya suka ɗauka shekaru aru-aru, har wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya gwada a 1668. Ya sa nama a kwalabe, ya bar wasu a buɗe, ya rufe wasu da siririn ƙyalle. Tsutsa ta fito a naman da ƙuda ya sauka a kai, wanda aka rufe kuwa ya ruɓe ba tsutsa ko ɗaya.

Tsutsa ɗiya ce. Ƙuda, sauro, ƙudan zuma, tururuwa, buzuzu da malam-buɗe-littafi duk matakai huɗu suke bi: ƙwai, tsutsa, sai kwanci a cikin kwanso, sai babba. A cikin kwanson nan jikin tsutsar ke narkewa a sake gina shi, abin da ya shiga yana jan ciki ya fito da fikafikai. Fara, gyare da kyankyaso ba sa wannan kwancin. Ɗansu yana ƙyanƙyashewa da kamannin uwarsa, fikafikai ne kawai ke zuwa daga baya. Wanda ya gane wannan ya gane rabin maganin ƙwari, domin tsutsa ba ta gudu.

Me ya sa sauro ke cizo, kuma me ya sa sai a kunne yake kuka?

Macen ce kaɗai ke cizo. Da ita da namijin ruwan furanni suke sha, amma ƙwanta ba ya nuna sai ta sami jini. Tun daga nesa take jin iskar da mutum ke fitarwa in ya yi numfashi, in ta matso warin gumi da ɗumin jiki su ja ta har inda za ta soka. Ƙaiƙayin kuwa daga yawunta yake, wanda take zubawa don kada jinin ya daskare. Kukan ba daga baki yake fita ba, fikafikanta ne ke kaɗawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, kuma da wannan sautin namiji ke gane ta. Numfashi ya kawo ta wajen kai, kunne kuma yana kusa.

Sauro ya haura nau'i 3,500, yawancinsu ba ruwansu da mutum. Mai kawo maleriya, Anofilis, ana gane ta da zamanta: in ta sauka a bango sai ta sunkuyar da kai ta ɗaga bayanta sama, kuma da dare take aiki. Akwai wata baƙa mai ɗigon fari a ƙafafu, ita da rana take cizo, ita ke yaɗa shawara da zazzaɓin denge. Ranar 20 ga Agusta 1897 ne likita Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya fara ganin ƙwayar maleriya a cikin sauron da ya fede, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1902. Ƙwayar tana ɗaukar kwana goma ko fiye kafin ta taso daga cikin sauron zuwa yawunta, sauro da yawa kuwa ba sa kai haka a duniya. Ashe tsohuwar sauro ce mai haɗari, kuma a nan gidan sauro mai magani ya yi rana: yana kashe ta kafin ta tsufa.

Ka leƙa tsohuwar taya ko gwangwanin da ruwan sama ya kwana biyu a ciki. Za ka ga wasu 'yan tsutsotsi rataye a saman ruwan, da inuwarka ta faɗa kansu su wuntsila ƙasa, can su dawo shan iska. Ta Anofilis a kwance take, sauran kai a ƙasa. Na taɓa zama gaban irin wannan gwangwani na ga ɗaya ta tsage ta baya, sauro ya zaro kansa a hankali, fari fat, ya tsaya a kan ruwan har fikafikansa suka bushe. Daga ƙwai zuwa nan mako ɗaya zuwa biyu ne in da zafi. Kifar da gwangwanin ya fi feshin ɗaki goma.

Murza hannun ƙuda fa?

Wanka yake yi. Da ƙafafunsa yake ɗanɗana abu, dole ya riƙa goge su. Ba ya taunawa, sai dai ya tofa yawu a kan abin, ya narke, ya tsotse. Ga shi daga juji ya taso, shi ya sa gudawa da ciwon ido ke bin sawunsa. Mace na zuba ƙwai wajen 100 a tashi ɗaya, su ƙyanƙyashe cikin yini guda. Wuyar kama shi kuma daga idanunsa ne, motsin da muke gani kamar walƙiya shi a hankali yake ganinsa. Duk da haka, ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu.

Ƙudan tsando, mai kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, nasa tsarin daban ne. Ba ya zuba ƙwai. Macen tana renon tsutsa ɗaya tak a cikinta, tana shayar da ita wani ruwa mai kama da nono, ta haife ta ƙosasshiya kusan duk kwana goma. Ƙarancin haihuwar nan ne ya sa tarko ke iya rage shi sosai.

Gara 'yar'uwar tururuwa ce?

Ko kusa. Binciken da masana na gidan adana tarihin halittu na Landan suka fitar a 2007 ya tabbatar cewa gara reshe ce ta dangin kyankyaso. Tururuwa kuwa 'yar ɗakin rina da ƙudan zuma ce.

Suri gari ne guda. A can ƙasa, cikin wani ɗaki mai taurin dutse, sarauniya na kwance da cikinta ya kumbura ya kai tsawon yatsa, ba ta iya ko juyawa, tana zuba dubban ƙwai kowace rana, sarkin yana gefenta, su shekara goma ko fiye tare. Zago masu jan kai su ne sojoji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu gina manyan surin manoma ne: suna tattauna busasshen itace da ciyawa su jera shi a ɗakuna kamar soso, su shuka wata fumfuna a kai, ita ce ke narkar musu da abin da cikinsu ba ya iya narkarwa. Ramukan da ke cikin ginin suna shigar da sabuwar iska su fitar da gurɓatacciya, danshi kuma ya zauna daidai yadda gonar ke so.

Shinge 'ya'yan sarauta ne. Ana renonsu a ɓoye har ruwan farko ya jiƙa ƙasa, sai a buɗe musu ƙofa su fito dubbai a dare ɗaya. In ka tsuguna ƙarƙashin fitila za ka ga mai saukowa ta girgiza jiki sau ɗaya, fikafikai huɗu su zube, ta ɗaga bayanta tana sakin ƙamshi, namiji ya zo ya manne mata a baya, su tafi a jere kamar mota da tirela suna neman wurin haƙa. Kusan dukkansu a bakin tsuntsaye, kwaɗi, ƙadangaru da tururuwa suke ƙarewa. 'Yan tsirarun da suka tsira su ne sabon suri.

Gara tana cin rufin ɗaki da littattafai, wannan ba a musu. Amma cikin nau'i wajen 3,000, kaɗan ne ke shiga gini. Sauran suna huda ƙasar da ta ƙeƙashe ruwa ya sami hanyar shiga. Manomin nan na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo, da gara ya farfaɗo da fako: ya haƙa ƙananan ramuka ya zuba taki, gara ta biyo takin ta yi ta haƙa hanyoyi, ruwan sama ya daina gudu ya riƙa nutsewa, har wurin ya zama daji.

Wa ke nuna wa tururuwa hanya?

Ba kowa. Wadda ta sami abinci tana dawowa tana shafa wani ruwa mai wari a ƙasa, na bayanta su bi, su ma su ƙara nasu. Gajeruwar hanya ta fi samun masu bi, warinta ya fi ƙarfi, doguwar ta dushe. Ka ja yatsa ka tsallaka layin kiyashi ka ga yadda za su tsaya suna dawurwura. Duk waɗannan ma'aikatan mata ne. Kwarkwasa ma makauniya ce, da warin kawai take jan rundunarta. Wani ƙiyasi na 2022 ya nuna kowane mutum ɗaya a duniya yana da tururuwa wajen miliyan 2.5 a madadinsa.

Daga ina farin ɗango ke fitowa kwatsam?

Suna nan tun da, a warwatse cikin hamada, kowace ita kaɗai, launinta ya saje da ƙasa, tana gudun 'yar'uwarta. Har masana sun ɗauka mai zaman kaɗaici da mai tafiya a runduna halittu biyu ne, sai a 1921 Boris Uvarov ya nuna abu ɗaya ne mai fuska biyu. In ruwa ya sauka a hamada, mace ta soka cikinta a jiƙaƙƙen rairayi ta zuba ƙwai, cikin mako biyu su fashe. Ciyawa ta wadata, su yawaita. Da ciyawar ta fara bushewa sai su matsu a 'yan wuraren da suka rage kore, suna gogar juna a ƙafafun baya. Wannan gogayyar ce ke tayar da wani sinadari a jikinsu, cikin 'yan sa'o'i mai gudun jama'a ta koma mai neman jama'a. 'Ya'yan su fito baƙi da rawaya suna tafiya a sahu, in sun yi fikafikai su zama ruwan hoda, in sun balaga su koma rawaya.

A lissafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, rundunar da ta rufe murabba'in kilomita ɗaya tana ɗauke da fari miliyan 40 zuwa 80, ƙaramar cikinsu na cin abin da mutum 35,000 za su ci a yini, kuma tana iya tafiyar kilomita 150 a rana. A 1988 sun tashi daga Afirka ta Yamma suka haye Tekun Atilantika har tsibiran Karibiyan. A 2004 sun mamaye Muritaniya, Mali, Nijar da Senegal. Annobar 2019 zuwa 2020, wadda Kenya ta shekara 70 ba ta ga irinta ba, ta samo tushe ne daga guguwar teku biyu da suka zubar da ruwa a hamadar kudancin yankin Larabawa a 2018, inda ba mai gani. Shi ya sa masu sa ido ke bin sawun ruwa a hamada: a tare su tun suna tsalle, in sun tashi sama an makara.

Da me gyare ke kuka?

Da fikafikai. Namiji ne ke goga gefen ɗaya a kan wasu 'yan haƙora da ke jikin ɗayan, yana kiran mace. Ita kuma kunnuwanta a ƙafafun gaba suke. In dare ya yi zafi kukan ya yi sauri, in sanyi ya sauko ya ja baya.

Gaskiya ne ƙudan zuma na mutuwa in ya yi harbi? Rina da zanzaro fa?

Gaskiya ne in ya harbi mutum ko dabba. Ƙarinsa yana da ƙayoyi kamar ƙugiya, sai ya maƙale a fata, in ya fizge ya bar wani ɓangare na cikinsa a nan. Ƙarin yana ci gaba da tura dafi, yana kuma sakin warin da ke kiran sauran, don haka a cire shi nan take a bar wurin. Hayaƙi yana rufe wannan warin, shi ya sa yake kwantar da su. Ba a shan zuma sai an sha harbi, amma zumar ma ba ita ce babbar kyautarsu ba. Kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan shi ne ke sa itatuwa da amfanin gona da yawa su yi 'ya'ya. Wanda ya gano furanni yana dawowa amya ya yi rawa a kan saƙa, inda ya fuskanta ya nuna hanya, tsawon rawar ya nuna nisa. Karl von Frisch ne ya warware wannan, ya sami Nobel a 1973.

Ƙarin rina sumul yake, tana harbi ta ƙara. Amma tsutsotsin da ke cin ganyen shuka su take kai wa 'ya'yanta. Zanzaro kuwa, mai siririn ƙugun nan da aka ari sunansa ga mai cusa riga cikin wando, ba ya neman kowa da faɗa. Na kalli wata tana zirga-zirga tsakanin bakin ruwa da kusurwar taga, kowace tafiya da ɗan curin laka a baki, tana shafe shi tana ƙara kamar ƙaramin inji. Da ɗakin ya kammala ta fara shigo da gizo-gizo, ta harbe su sun sandare amma da ransu, ta cika ɗakin, ta sa ƙwai ɗaya, ta liƙe. Ɗanta zai tashi ya tarar da abincin da bai ruɓe ba, ita kuwa ba za ta taɓa ganinsa ba.

Wai 'ya'yan kunama cinye uwarsu suke yi?

A'a. Kunama haihuwa take yi, ba ƙwai ba, 'ya'yan su hau bayanta farare ƙal, ta goye su har su yi saɓar farko su watse. Ganin sun lulluɓe ta ne ya jawo zancen. Wajen dafi, mai siraran hannuwa da kaurin wutsiya ita ce abar tsoro. Baƙar nan mai manyan hannuwa da ƙarfi take kama abinci, dafinta bai kai ba. Yaro in an harbe shi, asibiti kai tsaye.

Wadda ke cin nata ita ce ƙoƙi-ƙoƙi, matar Gizo a tatsuniya: wani lokaci takan cinye namijin yayin barbara. A gona kuwa abokiya ce, ƙwari take kamawa.

Kyankyaso da kuɗin cizo: me ya sa ba sa jin magani?

Kyankyaso ta wasu ƙofofi a gefen jikinsa yake numfashi, har in an cire kansa yakan yi kwanaki yana motsi. Ƙwansa a cikin jaka mai tauri yake, feshi ba ya ratsa ta. Ka kashe iyaye, bayan makonni sababbi su fito. Toshe tsaguwa da hana shi ruwa da ɓurɓushin abinci sun fi tasiri. Kuɗin cizo yana iya watanni bai sha jini ba, kuma da yawansu sun riga sun saba da magungunan da aka daɗe ana fesawa. Zafi ne ba su da dabararsa, in ya kai digiri 50 har ƙwan mutuwa yake. Ba a san shi da yaɗa cuta ba, hana barci da ƙaiƙayi ne nasa, kuma ba ya bambanta gida mai tsabta da marar tsabta.

Me ke jan ƙwari zuwa fitila?

Wani bincike na 2024 da aka yi da kyamarori masu saurin ɗauka ya nuna ba son hasken suke ba. Ƙwaro mai tashi yana juya bayansa ga inda ya fi haske, domin tun asali can ne sama. Fitila ta rikita masa wannan, ya yi ta karkata yana kewaya ta har ya gaji ya faɗi. Fitilar waje mai murfi a sama, wadda ke haska ƙasa kawai, da kashe wadda ba a buƙata, suna rage wannan asarar.

In da za a kashe su duka mu huta fa?

Ostireliya ta ɗanɗana kaɗan daga amsar. An kai mata shanu, amma buzuzun ƙasar bai saba da kashinsu ba, sai ya taru ya rufe makiyaya, ƙudaje suka yi ta hayayyafa a ciki. Daga ƙarshen shekarun 1960 sai da aka riƙa shigo da buzuzu daga Afirka da kudancin Turai su binne shi. Wannan buzuzun da muke rainawa, a 2013 aka nuna a Afirka ta Kudu cewa wani nau'insa da hasken jerin taurarin sama yake miƙe hanya in yana gangara curinsa da dare.

Raguwar kuma ta riga ta fara. A Jamus, masu auna ƙwari masu tashi a wurare 63 da aka keɓe sun bayyana a 2017 cewa nauyin abin da tarkonsu ke kamawa ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a shekara 27. Ba na cewa a bar sauro ko tsutsar da ke cin gona. Abin da ke ƙona mini rai shi ne feshin kan mai uwa da wabi: yana share rina, gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi, mai ɓarnar kuma ya fi su saurin haihuwa, ya dawo ya tarar ba mai tare shi. In feshin ya zama dole, a yi shi da yamma bayan ƙudan zuma ya koma, kuma ba a kan fure ba.

Ina suke shiga da rani?

Yawancin manyan mutuwa suke yi, su bar baya a ɓoye. Ƙwan fara yana kwance a ƙasa, tsutsar malam-buɗe-littafi tana cikin kwanso, gara ta nutsa inda danshi yake. Ƙwan sauro mai ɗigon fari yana manne a jikin busasshen mazubi na watanni yana jiran ruwa. A Mali, masu bincike sun taɓa shafa wa sauron maleriya alama a ƙarshen damina, suka sake kama ɗaya da ranta bayan wata bakwai; a 2019 kuma suka nuna wasu na hawa iska can sama da dare ta kai su nesa.

Gwanar wannan fanni wata jar tsutsa ce 'yar mitsitsiya, ɗiyar wani ƙaramin ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, wadda ke zaune a kwarmin duwatsun arewacin Nijeriya da wasu sassan Afirka. In ruwan kwarmin ya fara ƙafewa, sai ta cika jikinta da wani irin sukari, ta bushe ƙamas har ruwan jikinta ya koma wajen kashi 3 cikin 100. Ba numfashi, ba motsi, dutsen ya yi zafin da ba a iya taka shi, tana nan. An ajiye wasu shekara 17 a bushe, an kai wasu tashar sararin samaniya an bar su a waje fiye da shekara. Da aka ɗiga musu ruwa, cikin kamar sa'a ɗaya suka kumbura, suka miƙe, suka ci gaba da neman abinci.